Sherlock Holmes: ta ina mai karatu zai fara?

Duk wanda ya saba tsayawa gun masu baza tsofaffin littattafai a bakin kasuwa, da wuya bai taɓa cin karo da hoton wani Bature siriri mai dogon hanci da lofe a baki ba. To wannan shi ne Sherlock Holmes, mai binciken laifuffuka na birnin Landan, wanda wani likita ɗan Sikotilan mai suna Arthur Conan Doyle ya ƙago. An haifi Doyle a Edinbara a 1859, ya rasu a 1930. Ya kwaikwayi halin jarumin nasa ne daga malaminsa na makarantar likita, Joseph Bell, wanda kan dubi majiyyaci ya faɗi sana'arsa tun bai buɗe baki ba.

Labaran guda 60 ne cif: dogaye 4, gajeru 56, daga 1887 zuwa 1927. Mafi yawansu abokinsa Dokta Watson ne ke bayar da su, tsohon likitan soja da ya dawo daga yaƙin Afganistan da rauni, suka kama haya tare a gida mai lamba 221B, titin Baker.

Shawarata, kada a fara da na farko, wato A Study in Scarlet. Ana tsakiyar daɗi sai marubucin ya ɗauke mai karatu ya kai shi Amurka, ya bar shi can har ya ƙosa. Mai shago da ke karatu tsakanin wannan ciniki da wancan, gajerun ne daidai da shi, musamman kundin The Adventures of Sherlock Holmes na 1892, mai labarai 12.

A cikinsa a fara da The Red-Headed League, wanda masu karatun Faransanci za su samu da sunan La Ligue des rouquins. Wani mai shagon jingina ne, Jabez Wilson, ya sami yaron shago mai ƙwazo da ya yarda a biya shi rabin albashi. Yaron nan ne ya nuna masa tallar wani aiki na masu jan gashi kaɗai: fam 4 a mako, don kawai ya zauna a ofis daga ƙarfe 10 zuwa 2 yana kwafe wani ƙaton littafi. Wilson ya ga banza ta faɗi, ya riƙa barin shago kullum har mako takwas. Ashe duk wannan lokaci yaron yana ƙarƙashin shagon yana haƙa rami zuwa bankin da ke bayansu. Holmes ya gano haka ne da ya bubbuga ƙasa da sanda a ƙofar shagon, ya kuma dubi gwiwoyin wandon yaron. Abin da ya fara ba shi shakka kuwa shi ne arhar yaron. Araha dai ba ta ado, kuma duk wanda ya taɓa barin yaro da makullin sito ya san inda labarin ke taɓa shi.

Sai The Blue Carbuncle, inda aka tsinci dutse mai daraja a cikin wata dinya. Mai sayar da dinyoyin a kasuwar Covent Garden ya ƙi faɗin inda ya saro su, ko da za a yi yaya. Sai Holmes ya ja shi da musu har suka sa kuɗi, mutumin kuwa don ya ci gardama ya buɗe littafin cinikinsa da hannunsa. A kundi na biyu akwai Silver Blaze, labarin dokin sukuwa da ya ɓace da dare alhali karen gidan bai yi haushi ba. Ba zan faɗi dalili ba. Mai kiwo zai riga Watson ganewa.

Doyle ya gaji da jarumin nasa, ya jefa shi a kwazazzabon ruwan Reichenbach da ke Suwizalan a 1893 tare da abokin gabarsa Farfesa Moriarty. Masu karatu suka ƙi haƙura, dole ya dawo da shi a 1903. Tsakanin nan ne ya rubuta The Hound of the Baskervilles, wanda ya fito a littafi a 1902, kuma a ganina shi ne gwarzon dogayen.

Akwai abin da ya kamata a sani kafin a miƙa wa yara. Holmes yana yi wa kansa allurar hodar iblis a wasu labaran, ko da yake Watson na yi masa faɗa. Sa'an nan littattafan na zamanin mulkin mallaka ne. Yadda The Sign of Four ya siffanta mutumin tsibirin Andaman, raini ne tsagwaronsa.

Turancin na da ne, amma akwai bugun da aka sauƙaƙa domin 'yan makaranta, kuma tunda haƙƙin mallakar ainihin rubutun ya ƙare, ana samun sa kyauta a intanet. Wanda kallo ya fi masa, ya nemi shirin talabijin da Jeremy Brett ya fito a ciki daga 1984 zuwa 1994, domin shi ya fi bin littafin sau da ƙafa.