Yadda sautin da kunne ba ya ji ke gaggauta taurin ƙarfe

Idan ka taɓa tsayawa a maƙera a Shinaka ko Goronyo, ka san yadda maƙeri ke gasa bakin gatari ya yi jajir, ya tsoma shi a ruwa, nan take ya yi tauri. To, akwai ƙarafan da ba su taurara ta haka. Su sai an ba su lokaci.

A 1906 wani Bajamushe, Alfred Wilm, ya lura cewa alminiyam da aka gauraya da jan ƙarfe yana ƙara tauri bayan ya kwana biyu a ajiye. Dalili kuwa, ƙwayoyin zarra na tattaruwa sannu a hankali su zama 'yan mitsi-mitsin tsaki a cikin ƙarfen. Tsakin nan ne ke tare hanya, ya hana layukan zarra zamewa, sai lanƙwasa ƙarfen ya yi wuya.

Da wannan dabara ake taurara wasu nau'o'in baƙin ƙarfe, da gaurayen nikel masu jure zafi da ake sa wa injin jirgin sama da na tashar lantarki mai aiki da gas, irin ta Geregu. Sai dai abin na cin lokaci da wuta: Inconel 718 kan shafe kimanin awa 18 a tanderu, daga digiri 720 zuwa 620.

A nan ne sauti ya shigo. Girgizar da ta wuce sau 20,000 a daƙiƙa, kunnenka ba ya jin ta, amma ƙarfe na ji. A 1955 Blaha da Langenecker suka nuna cewa irin wannan girgiza tana sassauta ƙarfen zinki yayin da ake jan sa. Tana motsa layukan zarra, ta ƙara yawan gurabe, ta kuma ɗumama ƙarfen. Hakan na sauƙaƙa wa zarra tafiya, tsakin ya samu wuraren tsirowa da yawa. Shi ya sa a gwaje-gwaje ƙarfe kan kai ƙololuwar taurinsa da wuri.

Amma fa a kula. Idan aka zarce lokaci, tsakin sai ya haɗe ya yi manya-manya, tazara ta buɗe a tsakaninsu, ƙarfen ya koma yin laushi. Girgiza na gaggauta wannan ma. Don haka duk wanda zai yi amfani da ita, dole ya sake auna lokacin sauke ƙarfe daga tanderu, domin fiffiken injin da ya yi laushi yana iya cin rayuka.