Turare Ba Bishiyar Gindin Katanga Ba Ce

Duk wanda ya bi hanyar Bauchi ya ratsa Naraguta a Jos zai ga sababbin gidaje an jera musu dashen turare, wanda wasu ke kira zaiti, taku ɗaya tsakaninsa da katanga. Ka yi magana a ce maka, "Ai miƙewa yake yi sambal, saiwarsa ma ƙasa take nutsawa." Wannan zance ya ishe ni, domin ba gaskiya ba ne.

Asalin itacen daga Ostireliya yake. Tun zamanin Turawa aka baza shi a kan tudun ƙasar da haƙar kuza ta bari a yankin Jos, saboda yana jure ƙasa marar taki kuma yana saurin girma. Don fili aka kawo shi, ba don tsakar gida ba.

Mu yi lissafi. Jos na samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, sannan a shiga rani. Itacen da ke iya kai mita 30, wanda ba ya tuɓe ganyensa da rani, a ina zai sha? Saiwarsa na nutsawa, amma tana kuma yaɗuwa gefe nesa da inuwarsa. Inda dutse ke kusa da saman ƙasa, kamar wurare da yawa a nan, gefen kawai ya rage mata. Za ta bi danshi har sokawe, ta kutsa ta gaɓar bututu da tsagin rijiya, ta ɗaga daɓe. Mutanen Ingila sun sha irin wannan da tasu doguwar bishiyar, fofla, wadda ke tsotse ƙasar yumɓu har gini ya tsage. Ga reshe da kan karyo ba iska ba hadari, ga busasshen ganye mai maiƙo da ke kama wuta da hunturu.

Ban ce a daina dasawa ba. Magina na buƙatar sandunansa, kuma yana tare iska. Amma a ba shi tazarar aƙalla mita 20 daga gini, rijiya da wayar lantarki. Mai fuloti ƙafa 50 da 100 ya haƙura, ya dasa gwaiba, lemo ko zogale. Mai gona ya jera shi a kan iyaka, mita 3 tsakani, bayan damina ta zauna, ya cire ledar dashen kafin ya binne, ya sa ido kan gara a shekarar farko. Mai neman shawara, ga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya nan cikin Jos.

Wanda ya riga ya dasa a gindin katanga ya cire tun yana ƙarami. Idan ya girma, a kira masu injin yanka, a tono kututturen, don in an bar shi tofowa zai yi. Saiwa ba ta san iyakar fuloti ba, kuma in ta fasa sokawen maƙwabcinka, haƙƙinsa na wuyanka.