Mun Je Mun Gani: Masallacin Larabanga

A hutun da ya wuce mun kwashi wasu daga cikin 'yan makarantarmu mun tafi Arewa don ganin Masallacin Larabanga, wanda muka daɗe muna ba su labarinsa a aji, alhali mu kanmu ba mu taɓa sa shi a ido ba. Gani ya kori ji.

Daga Kumasi muka kama hanyar Tamale har Fufulso, sannan muka karkata yamma zuwa Damongo. Daga nan Larabanga ba ta fi tafiyar kilomita 15 ba, dab da dajin namun daji na Mole. Wannan yanki kuwa ƙasar Gwanja ce, wadda kakanninmu fatake suka riƙa zuwa da jakuna suna sayen goro, musamman a kasuwar Salaga. Saboda haka mu Hausawa ba baƙi ba ne a can.

Da muka sauka, sai yaran suka yi turus, don sun zaci wani ƙaton gini za su tarar. Masallacin kuwa ɗan ƙarami ne, kimanin mita 8 tsawo da mita 8 faɗi. Ginin ƙasa ne, an shafe shi da farar ƙasa, da hasumiya biyu masu tsini, ɗaya ta wajen alƙibla, ɗaya ta ladan. Itatuwan da suka fito a jikin bango ba ado ba ne kawai, su ne matakin magina in an zo sabon yaɓe. Ƙofofinsa gajeru ne ƙwarai, babba ko yaro sai ya sunkuya kafin ya shiga ɗakin Allah.

Mutanen garin sun ce wani ɗan kasuwa mai suna Ayuba ne ya gina shi a 1421, bayan ya kwana a wurin ya yi mafarki. Sun nuna mana tsohuwar kukar da ke jingine da masallacin, suka ce a ƙarƙashinta aka binne shi. Suna kuma da wani tsohon Alƙur'ani da suke alfahari da shi. Allah Shi ne masani.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne labarin siminti. A shekarun 1970 an yaɓe bangon da siminti da niyyar a ƙarfafa shi. Ashe gyaran gangar auzinawa aka yi. Siminti ya hana danshi fita, gara ta shiga itatuwan, ginin ya fara zubewa. A 2002 ƙungiyar World Monuments Fund ta sa shi cikin jerin gine-ginen duniya da ke cikin haɗari. Daga nan aka kankare simintin, magina na garin suka koma ga yaɓen ƙasa irin na iyaye da kakanni, masallacin ya farfaɗo.

Ga mai niyyar zuwa, ga 'yar shawara. Wurin ibada ne, har yau ana salla a cikinsa, kuma ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga ciki. A fara gaida manyan gari. A sa tufafi na mutunci. Kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa. Ana karɓar ɗan kuɗi daga baƙi, a bayar da zuciya ɗaya, domin yaɓe ba ya yin kansa. Mu dai da azahar ta yi sai muka ajiye kyamara, muka yi alwala, muka bi sahu.

A hanyar dawowa muka riƙa tambayar kanmu: tsofaffin masallatai nawa aka rushe a zangunanmu don a ɗora bulo da kwano, ba wanda ya rubuta ko sunan wanda ya kafa su? Muna roƙon sarakunan zango da limamai da 'yan'uwanmu malaman makaranta, a zauna da dattawa tun suna raye, a rubuta abin da suka sani, a kuma kai yara su gani da idonsu.

Allah Ya sa mu dace, amin.