Garkar Bande da tukunyar bazara

Wanda ya bi titin Damagaram zuwa Magarya a watan Janairu zai tarar jigawa ta bushe ƙurmus, babu kore sai na gawo. Yana gangarawa kwarin Ƙorama a wajejen Bande, sai ido ya huta: rake ya yi duhu, ga fangulan albasa da tumatir da shu da salati, ga rurin injin ban-ruwa. Arzikin wannan yanki a ƙarƙashin ƙasa yake, domin a wasu wuraren gaba biyu ko uku mai haƙa zai yi ya cim ma ruwa.

Tun zamanin jigo ake garka a nan. Amma farin 1984 ne ya sa gwamnatin Seyni Kountché ta mayar da noman rani sha'anin ƙasa baki ɗaya, daga baya shirin 3N na zamanin Issoufou Mahamadou ya ɗora a kai. Duk da haka, yunwar 2005 ba ta ƙyale jihar Damagaram ba, kuma har gobe a Magarya da Dungas akwai gidajen da rumbunsu ke ƙarewa kafin shuka. Abin da ke damuna ke nan: motar kayan garka ta fita shaƙe, tukunyar mai garkar kuma ta shiga bazara da lami.

Babban dalili shi ne kowa rana ɗaya yake dashe. Tumatir ya nuna gaba ɗaya, kasuwa ta cika, kwando ya faɗi warwas, dillali ya sayi gumin wata uku da kuɗin da bai biya man inji ba. Ga kasuwar ma rabinta a hannun maƙwabta take. Da Nijeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019, da kuma takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, masu dogaro da Babura da Maigatari sun ji a jikinsu. Maganin nuna gaba ɗaya kuwa ba ya cin ko dala: a raba yafin iri kashi uku ko huɗu, mako biyu tsakani. Gida ya daɗe yana tsinka, kuma tsinkar ƙarshe ta riski tsada.

Ƙasa ma tana da haƙƙi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kawo ciyawa. A tara shi a rami, a riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa har ya ruɓe ya huce. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin shuka, a yi ban-ruwa da sassafe ko da la'asar, raɓa za ta daɗe. Wanda ya ga farin ɓawo a saman fangali ya san kanwa ce ta taso, kuma yawan ruwa babu mafita ne ke jawo ta. Tumatir da tattasai da gauta dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, don haka inda suka tashi bana, albasa ko wake ya kamata su gaje su. Tsutsar Tuta absoluta, wadda ta cinye gonakin tumatir na Kano a 2016, ta fi samun gindin zama inda ba a sauya shuka, ba a kuma ƙona ragowar da ta kamu. Ga darɓa da ƙananan tsutsotsi kuwa, ƴaƴan dogon yaro sun wadatar tun farkon kamu: a daka, a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma. Ya fi maganin kasuwa marar takarda da ake fesa wa salati yau a ci gobe.

Sai ajiya, wadda a ganina ita ce gadar da ke tsakanin garka da bazara. Albasar da aka yanke wa ruwa kamar kwana goma kafin cira, aka bar wuyanta ya bushe, tana yin watanni a rudu mai shan iska, yadda mutanen Galmi ke yi. Ganyenta ya zama gabu. Tumatir ya zama kauɗa, amma a bisa tabarma ko rumfa za a shanya, ba kan rairayi ba. Zogale da yakuwa a inuwa suke son bushewa.

Aikin shanyar nan galibi mata ne ke yin sa, alhali kaɗan ne cikinsu ke da fangalin kansu. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a Maradi a 1991, sun nuna cewa da asusun mako-mako mata na iya sayen iri da kayan aiki. Abin da asusu ba ya bayarwa shi ne fili kusa da ruwa, da takardar aro ta shekaru, don kada mace ta gyara ƙasa da taki, baɗi mai gona ya karɓe. Wannan kuwa a hannun masu gari da hukumomin Bande yake.