ƘARANGIYA A CIKIN JINI

Idan damina ta yi tsakiya a Wagini, gero ya tasa har ya rufe mutum, ruwa ya kwanta a kududdufai, sai sauro ya yi yawa. A lokacin nan iyaye mata ba su samun barci sosai. Yaro ya wuni yana wasa, da yamma jiki ya yi zafi. Bayan kwana biyu sai ya fara jijjiga, idanu su juye, a kira sunansa ba ya amsawa. Waɗansu sukan ce iska ce ta taɓa shi. Amma sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kansa. Ya kamata mu san yadda abin yake faruwa, domin mu gane dalilin da ya sa jinkiri yake da hatsari.

Kowace jijiyar jini a jikinmu tana da shafe daga ciki, kamar yadda ake yaɓe ɗaki ya yi sumul. Shafen nan ƙwayoyin halitta ne masu rai, a jere ɗaya gefen ɗaya, ko fatar albasa ta fi su kauri. A fuskarsu kuwa akwai waɗansu 'yan maƙalai na furotin, ƙanana ƙwarai, kowane da aikinsa. Wani, wanda likitoci suke kira ICAM-1, yakan tare fararen ƙwayoyin jini, watau mayaƙan jiki, ya tsai da su daidai inda ciwo yake. Wani kuma, mai suna EPCR, yana taimako kada jini ya yi gudaji a hanya, kada kuma bangon jijiya ya yi yoyo.

To, ga inda ƙwayar zazzaɓi take yin wayonta. Bayan cizon sauro takan yi kamar mako guda a hanta, sa'an nan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini. A can take girma, ta hayayyafa, ta fasa su kowane awa 48. Saifa kuwa aikinta tace jini, tana hallaka duk ƙwayar jinin da ta lalace. Domin kada a kai ta saifa, sai ƙwayar cutar ta sa 'yan ƙayoyi su tsiro a jikin ƙwayar jinin da take ciki. Dukanmu mun san yadda ƙarangiya take kama wando a hanyar gona. Haka ƙayoyin nan suke kama maƙalan jijiya, su liƙe.

A ƙananan jijiyoyi, ƙwayoyin jini ɗaya bayan ɗaya suke wucewa saboda ƙuncin hanya. Idan dubbai suka liƙe, hanya ta cushe ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, sai jijjiga da suma. Tun wajen 1890 waɗansu likitocin Italiya biyu, Marchiafava da Bignami, suka ga jijiyoyin ƙwaƙwalwar waɗanda zazzaɓi ya kashe cike da ƙwayoyin cutar. A 2013 masu bincike a Danmak, tare da abokan aikinsu, suka gano cewa ƙwayoyin da suke jawo zazzaɓi mai tsanani ga yara EPCR suke kamawa, su hana shi aikinsa. A 2015 kuma aka bayyana sakamakon hoton ƙwaƙwalwar yara marasa lafiya da aka ɗauka a Blantyre ta ƙasar Malawi, aka ga mafi yawan waɗanda suka rasu ƙwaƙwalwarsu ce ta kumbura har numfashi ya tsaya.

Labari mai daɗi shi ne, abin nan ba farat ɗaya yake faruwa ba. Akwai lokacin da za mu iya tare shi. Ran da jikin yaro ya yi zafi, ran nan za mu kai shi a gwada jininsa. In an ba da magani, a sha shi duka kwana ukun nan, ko da yaro ya tashi yana wasa.

Sai mu lura da alamun hatsari: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana aman duk abin da ya ci, yana jijjiga, yana barcin da ba a iya tashe shi, yana numfashi da sauri, ko tafin hannunsa ya yi fari. Ko ɗaya muka gani, sai asibiti. Mun san halin da hanyoyin kusa da dajin Rugu suka shiga a shekarun nan, tafiyar dare ba ta da sauƙi. Saboda haka kada mu ce bari mu gani zuwa magariba. A kama hanyar Batsari tun rana tana sama. Allurar atesunet ita ce maganin zazzaɓi mai tsanani. A wani gwaji da aka yi wa yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, har da Nijeriya, wanda aka bayyana a 2010, ta fi kwinin ceton rai.

In yaro yana jijjiga, a kwantar da shi ta gefe. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa jiƙo, kada a turara shi da hayaƙi.

Rigakafi kuwa ya fi magani. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafi kowane wata a damina, Jihar Katsina kuwa tana cikin wuraren da aka fara aikin a Nijeriya. Idan masu rabawa suka yi sallama, mu karɓe su, mu kuma ba da sauran maganin na kwana biyu da suka bari. Kowane dare yara su kwana cikin gidan sauro. Maigida, kada a bar wa uwa ita kaɗai. A ware kuɗin mota tun kafin ruwa ya sauka, a kuma ba ta izinin tafiya asibiti ko ba ka gida.