Daga Bakin Rijiya Zuwa Farantin Sola: Lissafin Ban Ruwa a Lambunan Abuja

Wanda ya bi ta Gwagwalada a watan Janairu zai tarar da ciyawa ta bushe ƙayau, duwatsu sun yi furu-furu da hazo, amma gefen kogin Usuma kore shar da alayyahu da tumatir da attaruhu. Abin da ke riƙe da wannan kore shi ne ɗan injin fetur mai ƙara, wanda ya gaji jigon kakanninmu, ya kuma bazu a Arewa sosai bayan shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa tun farkon shekarun 1990. Injin ya yi wa manoman rani rana har zuwa 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Lambunan Kuje da Kwali da Bwari, da yawansu ba su taɓa ganin turken wuta ba. Daga nan hankali ya koma kan sola.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya fara da shiga kasuwa. Ya sayo faranti, ya sayo batir, ya sayo inbata, sannan ya zo yana tambayar ko za su ja sumonsa, wato famfon da ake zurawa cikin rijiya. Lissafin daga gindin shuka yake farawa, faranti shi ne na ƙarshe.

A tsakiyar rani, kayan lambu kan sha kamar milimita 5 zuwa 6 na ruwa a yini. Milimita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo da faɗi lita ɗaya ce. Don haka lambu mai rubu'in hekta, wato murabba'in mita 2,500, yana neman kusan lita 15,000 kullum. Tambaya ta gaba ita ce ko rijiyar za ta bayar. Yawancin ƙasar Abuja dutse ne a ƙarƙashi, irin na Aso da Zuma, ruwan kuma a tsagar dutsen yake kwanciya. Sai ka ga rijiyar burtsatse mai zurfin gaske, amma idan aka ja ta awa biyu ta ɗauke. Sola aikin yini take yi, saboda haka lita 15,000 ɗin nan a cikin awa shida ko bakwai za a ɗebe su, kusan lita 2,500 duk awa. Kafin a kashe ko sisi, a ari janareta a ja rijiyar na wasu awanni a watan Maris, lokacin da ruwa ya fi yin ƙasa, a auna abin da take bayarwa da inda ruwan yake tsayawa in ana ja.

Wannan zurfin na biyu shi ake lissafi da shi, ba zurfin ramin ba. A ce ruwan yana tsayawa a mita 25, tanki yana bisa mita 5, gogayyar ruwa da cikin bututu ta ci kamar wasu mita 5, an samu 35. Ɗaga lita 1,000 mita ɗaya yana cin ƙarfin wat 2.7 na tsawon awa guda. Idan aka ninka 15 sau 35 sau 2.7 za a samu wajen 1,400. Sai dai ƙaramin famfo ba ya mayar da ko rabin wutar da ya sha zuwa aikin ɗaga ruwa, don haka a ɗauka ana bukatar 3,300. Abuja na samun kwatankwacin awa biyar na cikakkiyar rana a yini, faranti kuma idan ya yi zafi ya sha ƙura ba ya wuce kashi uku cikin huɗu na abin da aka rubuta a bayansa. Amsa ta fito kusan wat 900. Faranti huɗu masu wat 300 sun wadatar, har da rarar ranar da hazo ya yi kauri.

Batir fa? A ganina, mai lambu ya bar shi a kanti. Batir ne ya fi komai tsada, shi ne ke fara mutuwa a zafin bazara, shi ne kuma ɓarawo ya fi so. Tanki yana yin aikinsa: rana ta ɗora ruwa sama da hantsi, nauyin ruwan ya sauko da shi da yamma ko da asuba, ba tare da wat ko ɗaya ba. Kowane mita 10 na tsayi yana ba da matsin ba (bar) ɗaya. Ban ruwa na ɗigo, mai siririn tiyo da ke bin kunya, yana aiki da tankin da bai wuce mita uku zuwa biyar ba, in dai an sa matata ana wanke ta, an kuma raba lambun kashi-kashi ana buɗe ɗaya bayan ɗaya. Mai feshi kuwa yana son ba biyu ko uku, wanda tanki ba zai bayar ba sai an kai shi tsayin bene mai hawa da yawa.

Yanzu ga inda kuɗin mutane ke zurarewa ba su sani ba: waya.

Wani abokina yana da lambu a bayan Kuje. Ya haɗa komai sabo fil, amma ruwa na fita kamar fitsarin jariri. Ya zargi faranti, ya zargi mai haƙa rijiya. Da muka je da azahar, yaron da ke kula da wurin ya ce, “Alhaji, ku taɓa wayar nan ku ji.” Na taɓa, ɗumi kamar an ajiye ta kusa da murhu. An kafa farantan ne kusa da ɗakin mai gadi saboda tsoron sata, mita 50 daga bakin rijiya, aka jawo wutar da siririyar waya mai lamba 2.5, aka kuma haɗa farantan kafaɗa da kafaɗa, jan waya da jan waya, baƙa da baƙa.

Wuta tana da fuska biyu. Akwai bolt, wanda yake kamar ƙarfin tunkuɗa, akwai amfiya, wadda take kamar yawan abin da ke gudana. Bolt sau amfiya shi ne wat. Waya kuma tana cin nata kason ne daga amfiya, kuma ba sannu take ci ba: in amfiya ta ninka biyu, asara ta ninka huɗu. Kowane ɗaya daga cikin farantan abokina huɗu yana ba da kamar bolt 36 da amfiya 8. Yadda aka haɗa su, bolt ya tsaya a 36, amfiya ta zama 32. Waya mai lamba 2.5, mita 50 zuwa da 50 dawowa, a irin wannan gudu za ta haɗiye sama da wat 700 cikin kusan 1,150. Ɗumin da na ji ke nan, wutar famfo ce ke gasa roba. Da aka sake haɗin aka jera su kamar raƙuman ayari, jan wayar wannan a baƙar wancan, bolt ya koma 144, amfiya ta tsaya a 8, asarar ta dawo ƙasa da wat 50. Faranti ɗaya, waya ɗaya, rana ɗaya.

Jeri ma yana da iyaka. Kowace kwantirola, wato na'urar da ke tsakanin faranti da famfo, an rubuta mata bolt ɗin da ba za a wuce ba, kuma lambar da za a duba a bayan faranti ita ce ta lokacin da ba ya ɗauke da kaya, wadda kan kai wajen 45. Huɗu sun zama 180, kuma da sanyin safiyar hunturu takan ɗan ƙaru, domin faranti mai sanyi ya fi ba da bolt. Wuta irin wannan tana kisa. Ba kuma irin ta gida ba ce mai kai-komo. Miƙe take zuwa, in ta kama tartsatsi ba ta saurin saki. Shi ya sa birekar gida ba ta dace da ita ba, akwai tata daban. Sannan a kankare bakin wayar da wuƙa tun a shago: idan cikinta fari ne, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, kuma ya fi na gaske cin wuta.

Wanda ya riga yana da sumo irin na wutar gida ba sai ya jefar ba, amma ya sani cewa irin wannan famfo yana fizgar ninki da yawa na wutarsa a lokacin tashi, abin da ke sa inbatar gida ta yi ta kuka tana ɗaukewa. Akwai inbata ta musamman ta famfo wadda ke tayar da shi a hankali, ta rage masa gudu in girgije ya gifta. Famfunan da aka ƙera don sola tun asali, irin na Lorentz na Jamus ko Grundfos na Denmak, da masu sauƙin kuɗi da ke zuwa daga Sin, da kwantirolarsu suke tahowa.

Sauran wayoyin ƙanana ne, amma su ke tsaron dukiyar. Ɗaya tana zuwa tanki, ga wani ɗan ƙwallo mai iyo da ke kashe famfo in ya cika. Ɗaya tana sauka cikin rijiya, ta tsayar da sumo in ruwa ya janye, domin ruwan ne ke sanyaya shi. Haɗin wayar da zai zauna cikin ruwa ba a naɗe shi da salatif, akwai robar da ake gasawa ta manne ko ƙaron da ake zubawa. Abin da zai bi ƙasa kuma a zura shi cikin bututun roba a binne, don gafiya da fartanya ba su san tsadar waya ba. Kafin hadarin Afrilu ya fara, a kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa mai laima, a ɗaure ta da ƙarafan da ke riƙe da faranti, a sa na'urar kare tsawa kusa da kwantirola.

Farantan su fuskanci kudu, a ɗan jingine kamar digiri 10 zuwa 15, tunda Abuja na kusa da digiri 9 arewa da tsakiyar duniya. A lura da inuwa, don reshen mangwaro ɗaya a kan faranti ɗaya yana rage wa jerin duka ƙarfi. A lambun Kuje yanzu, aikin yaron na farko bayan sallar asuba a lokacin hazo shi ne bokiti da tsumma mai laushi, tun gilashin bai yi zafi ba. Tankin kan cika kafin la'asar, shi kuma ya bi kunyoyin tumatir yana buɗe famfunan ɗaya bayan ɗaya.