Ko Ka Sani? Agogon da ke Ƙirga Takunka Ya San Hanyar Gidanka

Ko ka san koren hasken nan da ke ƙyaftawa a bayan agogon zamani jininka yake dubawa? Jini yana shanye koren haske. Duk sa'ad da zuciya ta buga, jini yakan ƙaru a jijiyoyin wuyan hannu, sai hasken da ke komawa ga agogon ya ragu, kafin bugu na gaba kuma ya ƙaru. Da wannan hawa da sauka yake lissafa bugun zuciyarka a minti guda. A cikinsa akwai wata 'yar na'ura mai jin motsi, ita ke ƙirga taku, ita ke gane lokacin kwanciyarka da tashinka. Masu GPS kuwa har zana hanyar da ka bi suke yi.

Duk wannan alheri ne ga mai motsa jiki. Damuwar tana farawa ne bayan agogon ya miƙa bayanan ga manhajar waya, ita kuma ta tura su rumbun kamfani a wata ƙasa.

A watan Nuwamban 2017 kamfanin Strava ya wallafa taswirar duniya mai nuna hanyoyin da masu amfani da manhajarsa ke gudu da tuƙa keke. Babu sunan kowa a jiki. Amma a Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya lura da layuka masu haske a wuraren da ba kowa a Siriya da Afganistan. Ashe sojojin Amurka ne ke gudun safe a kewayen sansanoninsu, na'urorin da ke jikinsu suna zana sansanin dalla-dalla. A watan Agustan shekarar ma'aikatar tsaron Amurka ta hana sojojin da ke fagen aiki kunna irin wannan bibiya. Idan soja da duk horonsa ya faɗa wannan rami, ina ga mai fita sassarfa bayan Asuba, wanda kullum daga ƙofar gidansa yake farawa, a nan kuma yake ƙarewa?

Kamfani ma yakan sauya hannu, bayanan jama'a su bi sabon mai shi. Google ya kammala sayen kamfanin agogon zamani na Fitbit a 2021 kan dala biliyan 2.1, kuma sai da Tarayyar Turai ta gindaya masa sharaɗin kada ya yi tallace-tallace da bayanan lafiyar mutanenta har shekara 10.

Saboda haka, kafin ka tambayi kyawun fuska ko daɗewar batir, tambayi wannan: agogon zai yi aiki ba tare da ka buɗe asusu a intanet ba? Agogunan Garmin da dama ana iya haɗa su da kwamfuta da igiyar USB a kwashe bayanan motsa jiki kai tsaye. Masu wayar Android suna da Gadgetbridge, manhajar kyauta da ke ajiye komai a cikin wayar, tana kuma aiki da agoguna da yawa na Amazfit da Xiaomi. Akwai agogon PineTime, mai araha, wanda kowa zai iya binciken manhajarsa, sai dai ba shi da GPS kuma aikinsa kaɗan ne. Apple yana kulle bayanan lafiya ta yadda shi kansa ba ya iya karantawa, muddin ka sa wa wayar lambar sirri ka kuma kunna tantancewa mai mataki biyu. A ganina mai neman ƙirga taku da bugun zuciya kawai, Gadgetbridge ta ishe shi.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne agogunan nan marasa suna da suka cika kasuwannin waya, masu zuwa da manhajar da ba a san mai ita ba. Wasu har iƙirarin auna sukarin jini suke yi, alhali a Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a da kada su dogara da agogon da ke cewa yana auna sukari ba tare da huda fata ba.

Idan kana da agogo a hannu yanzu, shiga saitin wayarka ka duba izinin da ka bai wa manhajarsa. Duk wanda aikinka bai buƙata ba, kamar makirufo ko lambobin mutanenka, ka janye shi, sannan ka ɓoye taswirar gudunka daga idon jama'a.